Allon rawaya da baƙi a jikin tsofaffin benayen New York: da gaske ɗakin ƙasa zai ceci rai?

Wani ɗan'uwa mazaunin Bronx a birnin New York ya aiko da tambaya: "Malam, a jikin tsohon benen da muke haya akwai wani ƙaramin allon ƙarfe, rawaya da baƙi, da zanen alwatika uku cikin da'ira, duk ya yi tsatsa. Mai kula da gidan ya ce mini mafakar bam ɗin nukiliya ce ta zamanin da. Na leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasan, ban ga komai ba sai injinan wanki da kekunan yara. Da gaske gwamnati ta ɗauka wannan ɗaki zai tare nukiliya, ko kwantar da hankalin jama'a ne kawai?"

Ɗan'uwa, mai kula da gidanku ya yi kusa da gaskiya, amma kalma ɗaya ta kuɓuce masa. Ɗakin nan ba mafakar bam ba ne, mafakar ƙurar bam ne. Waɗanda suka kafa allon sun san cewa idan bam ya faɗo kusa, benen da ɗakin da mutanen ciki duk sun tafi. Abin da suka yi wa tanadi shi ne abin da ke biyo bayan fashewar, kuma a wannan gefen lissafinsu daidai yake. Aikina auna tururin nukiliya ne da kare ma'aikatan asibiti daga gare shi, don haka bari in fara ta inda na fi sani.

Bam ɗin nukiliya yakan fara da haske da zafi mai ƙona fata da cinna wa gari wuta, sai bugun iska mai rusa gini ya biyo. Waɗannan cikin daƙiƙoƙi suke gama ɓarnarsu. Ƙura ce mai daɗewa. Idan bam ya fashe a ƙasa ko dab da ita, wutar takan narkar da ƙasa da siminti da ƙarfe, ta zuƙe su sama, su cakuɗe da burbushin makamashin da ya fashe. Can sama su huce, su zama ƙwayoyi kamar rairayi ko toka, iska ta kwashe su. Manyan su sauko kusa cikin awa guda, ƙananan su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Duk wanda ya share tsakar gida da safiyar hunturu ya san yadda hazo ke kwana a kan tabarma da murfin randa ba tare da an ji saukarsa ba. Haka wannan take sauka, sai dai kowace ƙwaya tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti amma ya fi shi ratsa jiki. Shi muke kira tururi, ko da yake ba shi da ɗumi, ba shi da wari.

Amurkawa ba su gane girman wannan ba sai ranar 1 ga Maris 1954, da suka gwada wani bam a tsibiran Bikini cikin tekun Pasifik. Ƙarfinsa ya kai megaton 15, wato kamar na Hiroshima sau dubu, ya kuma ninka abin da masanansu suka lissafa fiye da sau biyu. Wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23 yana nesa da wurin da fiye da kilomita 100, sai farar toka ta yi ta zubo musu na sa'o'i. Dukansu sun kamu da ciwon tururi, kuma mai kula da rediyon jirgin, Kuboyama Aikichi, ya rasu a watan Satumba na shekarar. A tsibirin Rongelap yara sun yi wasa da tokar, sai bayan kwana biyu aka zo aka kwashe mutanen. Babu wanda wuta ta taɓa cikinsu, babu wanda gini ya danne.

Mu ma abin ya taɓa zuwa bakin ƙofarmu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a hamadar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga Sahara zuwa kudu. Da ta yi gwaji na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a watan Janairu 1961. Tsoron ƙurar nan ne ya jawo haka.

To, ƙurar tana da rauni biyu, kuma a kansu aka gina dukan shirin. Na farko, ƙarfinta yana saurin karyewa. Muna da ƙa'idar da muke kira bakwai da goma: duk lokacin da ya ninku sau bakwai, tururin yakan ragu sau goma. Ka ɗauki abin da na'ura ta nuna awa ɗaya bayan fashewa. Bayan awa 7 saura kashi ɗaya cikin goma. Bayan awa 49, kwana biyu ke nan, saura ɗaya cikin ɗari. Bayan mako biyu, ɗaya cikin dubu. Daga nan aka samo kwana 14 ɗin da aka ce mutane su zauna a ciki. Amma kisan yana cikin kwana biyun farko ne. Wanda ya samu inda ya laɓe a waɗannan sa'o'i ya tsallake mafi munin abin.

Na biyu, nauyi yana tare ta. Kankare mai kaurin santimita 6 yana rage tururin da rabi. Dannanniyar ƙasa mai kaurin santimita 9 ma haka. Ka ƙara wani kaurin, rabin ya sake rabewa. Ƙasa mai kusan mita ɗaya tana mayar da dubu ya koma ɗaya. Nisa ma yana taimako, domin ƙurar a kan rufi da titi take kwanciya, duk yadda ka nisance su ka rage. Shi ya sa tsakiyar dogon bene, a ce hawa na shida cikin goma sha biyu, nesa da taga, kan yi kyau kamar ɗakin ƙasa. Gidan katako irin na bayan garin Amurka kuwa da ƙyar yake rage rabi. Tsohon ginin bulo mai kauri irin naku na Bronx ya fi shi nesa ba kusa ba.

Kafin a kai ga allon nan an yi shekara goma ana lalube. Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na farko a watan Agusta 1949, sai Shugaba Truman ya kafa hukumar kare farar hula a ƙarshen 1950. Kuɗin gini ba su samu ba, sai aka koma wa'azi da atisaye. A makarantun New York an raba wa yara 'yan allunan ƙarfe masu ɗauke da sunansu su rataya a wuya, don a gane su idan abin ya faru. An koya musu da zarar sun ga haske su faɗa ƙarƙashin tebur su rufe kai. Yau ana yi wa wannan dariya, ni kuwa ba na yi. Haske yana riga bugun iska isowa, kuma abin da mutum ya saba yi idan ya ga haske shi ne ya nufi taga. A 2013 da wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha, mutum wajen 1,500 suka jikkata, akasarinsu gilashin taga ne ya yanke su. Ga wanda yake gefen gari, kwanciya ƙasa dabara ce ta gaske. An kuma ware tasha biyu a rediyo, 640 da 1240, aka yi musu alama a fuskar rediyoyin da ake sayarwa, don a san inda za a murɗa.

Daga nan aka ce a gudu. Birnin Portland na jihar Oregon ya gwada a watan Satumba 1955, ya fitar da mutum wajen 100,000 daga tsakiyar gari cikin ƙasa da awa ɗaya. Amma wannan dabarar ta zamanin jiragen sama ce, lokacin da ake sa ran gargaɗin sa'o'i. Da makamai masu linzami suka shigo bayan 1957, gargaɗin ya koma rabin awa ko ƙasa da haka. Kuma gudu zuwa ina? Mutumin da ke cikin mota a cunkoson hanya, ƙura na sauka a kansa, ya fi kowa shiga haɗari.

A New York atisayen dole ne. Jiniya na kaɗawa kowa ya bar titi, wanda ya ƙi kuwa doka ta tanadi tara ko ɗauri. Ranar 15 ga Yuni 1955 Dorothy Day, wata 'yar Katolika mai hidimar talakawa, ta zauna da 'yan'uwanta kusan talatin a kan bencin dandalin da ke gaban ofishin magajin gari, suka ƙi motsawa, aka kama su. Hujjarsu ita ce atisayen yana koya wa mutane cewa yaƙin nukiliya abu ne da za a iya sha a tashi. Kowace shekara suka dawo, an ɗaure ta fiye da sau ɗaya. Zuwa 1960 da 1961 dandalin ya cika da jama'a, har da iyaye mata da jarirai, waɗanda 'yan sanda ba su son a gan su suna kamawa. Bayan na 1961 ba a sake yin irin wannan atisayen ba.

Allonku ya samo asali ne daga 1961. Rikicin Amurka da Sobiyet a kan birnin Berlin ya yi zafi, sai ranar 25 ga Yuli Shugaba Kennedy ya fito a talabijin ya nemi Majalisa ta ba shi dala miliyan 207 don a gano wuraren fakewa a gine-ginen da ake da su, a yi musu alama, a zuba musu guzuri. A watan Agusta aka fara katangar Berlin, a Satumba Sobiyet ta koma gwaji, a ƙarshen Oktoba ta tayar da bam mai megaton 50. Hankalin mutane ya tashi. Mujallar Life ta buga cewa mutum 97 cikin 100 za su tsira idan suka yi mafaka, adadin da masana suka ƙi yarda da shi. Masu gida da fili suka fara haƙa a bayan gida, 'yan kasuwa suka samu abin sayarwa. Sai wata muhawara mai ɗaci ta taso: idan maƙwabcinka ya zo yana buga ƙofar mafakarka, kana da ikon harbinsa? Har wani malamin coci ya rubuta cewa magidanci na da ikon kare mafakar iyalinsa da ƙarfi. Sannan ga tambayar da ta fi shafar irin unguwarku: ɗan haya a hawa na biyar a Harlem ko Bronx, a ina zai haƙa rami? Wannan ya ƙara tura gwamnati ga mafakar jama'a, ta kowa da kowa.

Aka ba Ma'aikatar Tsaro aikin, ƙarƙashin wani lauya, Steuart Pittman. Injiniyoyin soja suka ɗauki kamfanonin masu zanen gini, aka bi gari gida-gida da awo: kaurin bango, nauyin daɓe, faɗin taga, tsayin ginin da ke maƙwabtaka. Aka zuba alƙaluman a kwamfuta ta fitar wa kowane gini lambarsa ta kariya. Da farko sharaɗin shi ne 100, ma'ana wanda ke ciki zai sha kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai sha a fili. Lokacin rikicin Amurka da Sobiyet a kan makamai masu linzami a Kyuba, Oktoba 1962, da aka ga wurare ba su isa ba kuma yawancinsu ko guzuri ba a kai ba, aka sauko da sharaɗin zuwa 40. Dole wurin ya ɗauki aƙalla mutum 50. Mai gini ya sa hannu don ransa, ba a biyansa haya. Allon kuwa wani ma'aikacin injiniyoyin soja, Robert Blakeley, ya tsara shi, da fenti mai ƙyalli don a gan shi ko da hasken ashana idan wuta ta ɗauke. Ka duba naku da kyau, wataƙila har yanzu ana iya karanta adadin mutanen da aka ƙiyasta wa ɗakin. A birnin New York kaɗai gine-gine wajen 18,000 aka yi wa alama.

Yanzu ka tsaya a ɗakin wankin nan ka ƙiyasta. Kowane mutum an ba shi ƙafa 10 murabba'i, bai cika mita ɗaya ba. Dardumar salla ce da ɗan ƙari. A nan zai zauna, a nan zai kwana, mako biyu. Ruwa a duron ƙarfe mai cin lita 66, jarka biyu da rabi ke nan irin tamu ta lita 25, kuma na mutum biyar ne. Ka raba, kowa bai samu cikakkiyar lita ɗaya a yini ba, ba zancen wanka ko alwala. Idan duro ya ƙare sai a ɗora masa mazauni ya koma masai. Abinci busasshen biskit ne na alkama cikin gwangwani, da alewa mai tauri, abin da zai ba mutum kalori wajen 700 a yini, sulusin abin da babba ke bukata. Ba a yi shi don a ƙoshi ba, don kada a mutu ne. A akwatin magani akwai asfirin da fenisilin da bandeji, har da ƙwayar kwantar da hankali, domin sun san abin da tsoro da cunkoso ke yi wa mutane.

Abin da ya fi burge ni cikin kayan shi ne na'urorin awo. Na taɓa riƙe irinsu: akwatin ƙarfe rawaya mai hannu a sama, bai fi bulo ɗaya girma ba, yana aiki da manyan batura irin na tocila. Ɗaya tana da sanda a jikin waya, ka kai ta kusa da rigar mutum ko gwangwanin abinci, ka ji ƙas-ƙas a abin kunne. Ɗayar ta babban tururi ce, ita ke faɗa maka ko mutum zai iya leƙa waje na minti goma. Akwai kuma wata kamar alƙalami da ake soke wa a aljihu. Ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa, ka ga wani siririn zare ya matsa a kan ma'auni, ya nuna jimillar abin da jikinka ya sha. In babu waɗannan, mutanen cikin ɗaki makafi ne, don tururi ba ya sanar da kansa sai ya gama aiki.

To, za ta yi aiki? A ganina amsar ta dogara ga inda ɗakin yake, kuma a nan shirin ya yi tuntuɓe. Manyan gine-gine masu kauri a tsakiyar birane suke, tsakiyar birane kuwa su ne abin hari. Bam mai megaton 1 yana rusa gidajen zama zuwa nisan kilomita 6 ko 7, yana cinna wuta har gaba da nan. Ka auna tsakaninku da tsakiyar Manhattan, ka kuma tuna ba lalle ɗaya za a jefo ba. Wuta ma ta fi rusau ban tsoro ga na ƙarƙashin ƙasa. A Hamburg, Yuli 1943, dubban mutane sun mutu cikin ɗakunan ƙasa da ba su rushe ba, hayaƙi da zafi suka kashe su. Garuruwan da ƙura kaɗai za ta isa, inda mafakar za ta fi amfani, su ne masu gidajen katako da ƙarancin wurin fakewa. An tara laima inda ambaliya za ta ci, inda ruwan sama kaɗai zai sauka kuwa ba ta wadata ba.

Sai matsalar iska, wadda ban ga an ba ta haƙƙinta ba. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafi kamar ƙwan lantarki mai wat 100. Ka tara mutum ɗari biyu a ɗakin da ba taga, ba lantarki, a watan Yuli na New York, da ruwan da bai kai lita ba. Zafi zai iya kashe tsofaffi da jarirai kafin tururi ya yi komai. An ƙera fanka da ake tuƙawa da feda kamar keke, amma ba ta kai yawancin ɗakunan ba.

Duk da haka ba zan kira shirin yaudara ba. Da yaƙin ya auku, miliyoyin mutanen da ke nesa da wuta amma a ƙarƙashin iskar ƙura, ransu yana tsakanin samun bango mai kauri da rashinsa ne. A kuɗi kaɗan aka sayi wannan damar. Inda na ga laifi shi ne yadda aka bar jama'a suka ɗauka allon yana nufin tsira daga bam, da kuma yadda aka yi wa manya wani tanadin daban. A daidai wannan lokaci an gina wa 'yan Majalisa cikakkiyar maɓoya a ƙarƙashin otal ɗin Greenbrier a jihar West Virginia, da ƙofofin ƙarfe da injin tace iska, ba a sani ba sai da jarida ta tona a 1992. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun yi wa talakawansu irin wannan. Suwizalan ta kafa doka a 1963 cewa sababbin gidaje su zo da mafaka, har ta kai kusan kowane mazaunin ƙasar yana da gurbi. A Stockholm an fafe dutsen Katarina aka yi mafakar mutum 20,000, ana ajiye motoci a ciki lokacin zaman lafiya, don haka kullum akwai mai kula da ita.

Wannan kulawar ce Amurka ta rasa. Bayan yarjejeniyar hana gwaji a sararin sama ta 1963 tsoro ya lafa, Majalisa ta ƙi ba da kuɗin gina sababbi, Portland ɗin da ta yi fice ta janye daga shirin a shekarar, Pittman ya ajiye aiki a 1964. Duro ya yi tsatsa ya yoye, biskit ya yi ɗoyi, a shekarun 1970 aka yi ta kwashewa ana zubarwa. A 2006 ma'aikata suka buɗe wani ɗaki a gindin gadar Brooklyn suka tarar da durorin ruwa da barguna da magunguna da biskit wajen 350,000, wasu akwatunan da tambarin 1957, wasu 1962. A ƙarshen 2017 hukumar ilimin birnin ta fara cire allunan daga makarantu, don kada wani ya ruga can ya tarar da ƙofa a kulle.

Saboda haka kada ka dogara da allon, babu wanda ya duba ɗakin tun kafin a haifi yawancin 'yan hayan gidan. Amma bangon bai rage kauri ba. Shawarar da hukumar agajin gaggawa ta birnin ta fitar a 2022 ita ce dai ta da: a shiga gini, a nisanci taga, a zauna ciki, a saurari sanarwa. Wanda ƙura ta same shi a waje ya tuɓe rigar sama ya ƙulle ta a leda, ya wanke jiki da sabulu. Wannan kaɗai yana kawar da mafi yawanta. Kada a fita neman yara a makaranta a sa'o'in farko, ginin makarantar ya fi titi kariya, kuma aƙalla awa 24 ake so kowa ya yi inda yake.

Idan ka sake sauka wanki, ka duba wane lungu ne ya fi nisa da 'yan tagogin da ke saman bango, ka tambayi mai kula da gidan wa ke riƙe da makullin da dare. A ɗakinka kuma ka ajiye ruwan kwana uku na iyalinka, da maganin duk wanda ke shan magani kullum, da ƙaramar rediyo mai batir.